Koren Hasken da Ya Gagari Masana Shekara 63

Ran Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi husufi a ƙasar Maradi. Duk wanda yake Tasawa ko Mayahi a ranar bai manta ba. Haske ya soma dusashewa kamar la'asar sakaliya, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, sai duhu ya lulluɓe gari fiye da minti 3. Masu sallar husufi suna masallaci. Waɗanda suke waje suka ɗaga kai a daidai lokacin da wata ya rufe rana ruf, suka ga baƙin faifai, kewaye da shi wani farin rawani na haske mai bazuwa kamar gashin masara.

Ɗan ƙanwata, yaro ƙarami a lokacin, ya riƙe mini gefen riga ya ce, "Kawu, rana ta mutu ke nan?" Na ce masa a'a, wata ne ya gitta, yanzu za ta fito. Ta kuwa fito. Amma tambayar yaron ta zauna mini a rai. Rana tana mutuwa? In tana mutuwa, yaya gawarta take? Amsar tana nan, sai dai ba a same ta da sauƙi ba. Ta biyo ta kan wani ɗan siririn koren haske da ya hana masana barci daga 1864 har 1927.

Kama da wane ba ta wane

Mutanenmu sun san sama. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, kowa ya san in ka ga wata ka ga Zara. Duk waɗannan ido ne yake ganinsu. Da aka ƙera madubin hangen nesa, sai wasu abubuwa suka bayyana waɗanda ba su da suna a kowane harshe.

A 1764 wani Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, Charles Messier, ya ci karo da wani ɗan tabo mai kama da hazo wanda ba ya gusawa daga wurinsa. Ya rubuta shi a matsayin na 27 cikin jerinsa. A 1779 wani Bafaranshen, Antoine Darquier, ya duba wani makamancinsa kusa da tauraron Vega, ya kwatanta shi da duniyar da haskenta yake dusashewa. William Herschel na Ingila, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, ya ga irinsu da dama: ƙananan faifai masu ruwan kore-kore, kamar dai Uranus ɗin. Daga nan sunan ya bi su, ana ce musu hazo mai kama da duniya, ko nebula mai kama da duniya. Sunan nan har yau ana amfani da shi, alhali ba abin da ya haɗa su da duniyoyi sai kama.

To, mene ne su? Masana suka rabu biyu. Wasu suka ce tarin taurari ne masu nisan gaske, haskensu ya narke ya zama ɗaya, kamar yadda garken tumaki yake zama farin tabo in ka hango shi daga kan tudu. Wasu suka ce hayaƙi ne mai haske. A 1790 Herschel ya ga wani mai tauraro guda ɗaya tak a tsakiya, hazo ya kewaye shi, sai ya karkata ga masu cewa hayaƙi ne. Amma hujjar yanke gardama ba ta samu ba. Ba wanda zai je ya ɗebo.

Shaidar farko: bakan gizo

Wanda ya taɓa zama a maƙera, ko ya taɓa hura wuta, ya san wuta tana sauya launi. Barbaɗa gishiri a garwashi, harshen wutar ya yi rawaya. Jefa wayar jan ƙarfe, ya yi kore. Wajen 1859 zuwa 1860, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a birnin Heidelberg na Jamus suka mai da wannan ilimi. In aka bi da haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan watse ya zama bakan gizo. Abu mai kauri da ya yi zafi, kamar ƙarfe a wuta ko fuskar tauraro, yakan ba da bakan gizo cikakke daga ja har shuɗi. Iska mai zafi kuwa ba ta ba da cikakke, sai 'yan layuka masu haske a wurare sanannu. Kowane sinadari da nasa layukan, kamar yadda a da kake duban tsagen fuska ka san asalin mutum.

William Huggins yana da ɗakin kallon taurari a gidansa da ke Tulse Hill a Landan. Daren 29 ga Agusta 1864 ya juya madubinsa ga wani hazo da ke can arewacin sama, wanda yanzu ake kira Idon Kyanwa. Ya sa ido yana jiran bakan gizo. Bai gani ba. Layi ɗaya ya gani, kore shar, shi kaɗai cikin duhu. Har ya zaci na'urarsa ce ta sami matsala. Da ya ƙura ido sai ga wasu layuka biyu marasa ƙarfi a gefensa.

Gardamar shekaru da dama ta ƙare a daren nan: iska ce mai haske, ba tarin taurari ba. Sai dai an rufe ƙofa ɗaya, wata ta buɗe. Layi mafi rauni cikin ukun na haidirojin ne, an san shi. Sauran biyun, har da babban koren, ba su dace da tsagen kowane sinadari ba.

Waɗanda aka fara tuhuma

Huggins ya fara zargin naitirojin, don yana da layi a kusa da wurin. Norman Lockyer ya nace magnisiyam ne. Wajen 1890 James Keeler ya auna layin da babban madubin ɗakin kallon taurari na Lick a Kalifoniya, awo mai tsanani, aka ga yana gefe kaɗan da na waɗanda ake zargi. A wannan ilimi kusa ba ta wadatarwa. Layin yana kan nanomita 500.7, ɗan'uwansa yana kan 495.9, kuma ba abin da aka ƙona ko aka sa wa lantarki a ɗakin gwaji da ya ba da haske a nan.

Sai masana suka tuna wani abu da ya faru bayan husufi. Ran 18 ga Agusta 1868 rana ta yi husufi a Indiya, aka ga wani layi rawaya a gefenta. Lockyer ya ce sabon sinadari ne, aka sa masa suna hiliyam, daga sunan rana da Girkanci. Da yawa ba su yarda ba. A 1895 William Ramsay ya same shi a ƙasa, cikin wani dutse mai yuraniyam. Abin da aka fara gani a sama ya tabbata a hannu. Tun da haka ta faru sau ɗaya, me zai hana ta sake faruwa? Aka raɗa wa mai koren layin suna nebuliyam. Akwai ma na uku: a husufin 1869 a Amurka an ga wani koren layi dabam cikin farin rawanin nan na rana, irin wanda muka gani a Tasawa, shi ma aka ba shi suna koroniyam.

Aka shiga neman nebuliyam a duwatsu, a iska, a ma'adinai. Shekara goma, ashirin, ba labari.

Ɗakin da babu gurbi

A 1913 wani saurayi Bature, Henry Moseley, ya nuna cewa sinadarai jere suke da lamba kamar 'yan makaranta a layi: haidirojin 1, hiliyam 2, kabon 6, naitirojin 7, oksijin 8, haka har sama. Lambar nan adadin cajin da ke cibiyar ƙwayar zarra ce, ba ta da rabi. An riga an gane cewa mai koren layin dole abu ne marar nauyi, amma duk gurabun marasa nauyi a cike suke. Ba inda za a shimfiɗa wa nebuliyam tabarma.

Wannan ya juya tambayar gaba ɗaya. In ba baƙo ba ne, to ɗan gida ne ya sauya murya. Wane ne shi, kuma me ya sa ba ya yin muryar nan a gabanmu?

Ira Bowen da yaro mai kunya

A jami'ar Caltech ta Kalifoniya akwai wani matashi, Ira Bowen, wanda ya shafe shekaru yana auna matakan ƙarfi na ƙwayoyin zarra da aka fizge wa wasu daga ilaktironinsu. Aikin ɗakin gwaji ne, ba na kallon sama ba. A 1927 ya karanta wani sabon littafin ilimin taurari na Henry Norris Russell da abokan aikinsa biyu, inda aka yi hasashen cewa wataƙila layukan nan na iskar da ta yi siriri ƙwarai ne. Bowen ya koma kan alƙalumansa. Ya ɗauki oksijin da ya rasa ilaktiron biyu, ya ɗebe ƙarfin wani mataki daga wani, ya lissafa launin da zai fito in ƙwayar ta sauko tsakaninsu. Lissafi ya faɗa daidai kan koren layin da ɗan'uwansa. Wasu jajayen layuka da su ma aka rasa mai su, suka zama na naitirojin.

Nebuliyam oksijin ne, iskar da ni da kai muke shaƙa.

To me ya sa ba a taɓa ganin koren nan a ƙasa ba? Ɗauki misalin yaro mai kunya da aka aika da saƙo. Yana bukatar ɗan lokaci kafin ya buɗe baki. In ka tsai da shi tsakiyar kasuwar Tasawa ranar da ta cika, kafin ya ce uffan wani ya bangaje shi, wani ya ture shi, saƙon ya watse. Kai shi bakin Gulbin Kaba da dare, ba kowa, sai ka ji duk abin da aka aiko shi da shi. Yawancin layukan haske ƙwayar zarra takan sake su nan take, cikin kashi ɗaya bisa miliyan 100 na daƙiƙa. Wannan koren kuwa sai ƙwayar ta zauna fiye da rabin minti ba a taɓa ta ba. A iskar da muke ciki, wuri mai girman ƙwayar sukarin shayi yana ɗauke da ƙwayoyi biliyan sau biliyan 25, kowace tana karo da wata sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Ba mai samun rabin minti. A cikin hazon nan kuwa, wuri mai wannan girman ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai kawai a ciki. Kowace ƙwaya tana da sararin faɗin saƙonta, kuma da yake hazon ya fi duk faɗin da duniyoyin rana suke zagayawa nesa ba kusa ba, 'yan muryoyin nan sukan haɗu su zama haske mai isowa gare mu.

Koroniyam ma haka ya ƙare. Walter Grotrian a 1939, sannan Bengt Edlén na Suwidin a farkon shekarun 1940, suka nuna baƙin ƙarfe ne da ya rasa ilaktiron 13. Ba abin da zai yi masa wannan fizga sai zafin da ya haura digiri miliyan ɗaya. Farin rawanin da muka gani a 2006 zafinsa ke nan.

Wa ya tuɓe oksijin ɗin?

An san mai magana, saura a san inda ya fito. Ba ƙaramin ƙarfi ne zai raba oksijin da ilaktiron biyu ba. Ido ya koma kan ɗan tauraron tsakiya, irin wanda Herschel ya gani. Herman Zanstra, ɗan ƙasar Holan, ya fito da hanyar auna zafinsa ta gwada haskensa da na hazon. Fuskar ranarmu digiri 5,500 ce. Waɗannan taurarin daga dubu 30 suke farawa, wasu sun wuce dubu 100. Yawancin haskensu na gaban shuɗi ne, wanda ido ba ya gani, shi ne yake dukan iskar tana ƙyalli.

Shaida ta gaba ta fito daga layukan kansu. A wasu hazon kowane layi ya rabu biyu: gefen da ke fuskantarmu yana tahowa, na baya yana tafiya. Wato hazon buɗewa yake yi, kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, gudun da zai kai ka Maradi daga Tasawa cikin kamar daƙiƙa biyar. Mai bin sawu yakan bi shi da baya har inda aka taso. In ka mai da buɗewar nan baya, za ka tarar 'yan dubban shekaru da suka wuce duk iskar tana jikin tauraron.

A 1956 Iosif Shklovsky na Tarayyar Sobiyet ya ɗaure zaren. Tauraro irin rana yana rayuwa ne da mai da haidirojin hiliyam a cikinsa. In makamashin ciki ya ƙare, sai ya kumbura ya yi ja, ya ninka girmansa sau ɗaruruwa, ya koma dafa hiliyam yana mai da shi kabon da oksijin. A ƙarshe riƙonsa ya yi sako-sako, ya dinga zubar da rigunansa na waje. Abin da ya rage shi ne zuciyarsa, tsirara, da zafin gaske. Ita ce take haska rigunan da aka zubar. Bayan shekara dubu 10 zuwa 20 hazon ya watse, zuciyar ta rage ita kaɗai, farin wadan tauraro mai girman duniyarmu amma nauyinsa ya fi rabin na rana. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa ya kai tan da dama.

Abin da Herschel ya kwatanta da duniya, ashe likkafanin tauraro ne.

Ruwa ba ya tsami banza

Saura ƙulli ɗaya. Tauraro dunƙulalle ne. In ya zubar da iska, kamata ya yi ta fita daidai ta ko'ina kamar kumfar sabulu. Amma kaɗan ne daga cikin hazon nan suke zagayayyu. Wasu kamar turmi, wasu kamar malam-buɗe-littafi, wasu kamar kalangu mai tsukakken ƙugu. Daga ƙasa iska tana girgiza hoto, ba a ganin daki-daki. Sai da aka kai madubi sama.

An harba madubin Hubble ran 24 ga Afrilu 1990, aka gyara matsalar ganinsa a Disamba 1993. A 1994 ya ɗauki Idon Kyanwa, wancan na Huggins, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan 3,000. Sai ga kumfa cikin kumfa, ga wasu tsiraran iska biyu suna fita ta ɓangarori masu kishiyantar juna. Hoton da aka fitar a 2004 ya nuna zobba aƙalla 11 a kewaye, kamar ɓawon albasa, tsakanin kowane da na bayansa shekara kamar 1,500. Tauraro shi kaɗai da wuya ya yi wannan saƙa. Zargi ya koma kan abokin zama: wani tauraro na biyu da yake zagaya mai mutuwar, yana juya iskar kamar muciya a tukunya.

Hubble ya kuma nuna cewa abin ba ya jira. Wani ƙaramin hazo da ya ɗauka a 1996, da ya sake ɗaukarsa a 2016, hasken oksijin ɗinsa ya ragu kusan sau 1,000. Cikin shekara 20, ƙasa da rayuwar ɗan ƙanwata.

Madubin James Webb ya tashi ran 25 ga Disamba 2021. Faɗinsa mita 6.5, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan, kuma yana ganin hasken da ke bayan ja, wanda fata take ji a matsayin ɗumi, mai ratsa ƙura. Launukan hotunansa masana ne suke sanya su don ido ya iya bambancewa. Cikin hotunansa na farko, ran 12 ga Yuli 2022, akwai hazon Zoben Kudu. A tsakiyarsa akwai wani tauraro mai haske ƙwarai, wanda duk mai kallo zai nuna da yatsa ya ce shi ne. Ba shi ba ne. A gefensa akwai wani dusasshe, wanda Webb ya nuna lulluɓe da ƙura mai ɗumi. Shi ne mamacin. Ƙurar kuwa ba ta da dalilin zama a nan in ba wani ya tara ta ba. A Disamba 2022 masana kusan 70 ƙarƙashin jagorancin Orsola De Marco suka bi ƙurar, da zobban, da karkatar iskar, suka kammala cewa tauraron ya kusa ninka rana uku a nauyi kafin ya zubar da mafi yawan jikinsa, kuma bayan mai hasken nan akwai alamun wasu abokan zama biyu ko uku da ba a gani kai tsaye. Surar likkafanin aikin taron dangi ce.

Daga sama zuwa gindin gawo

Yanzu ina da amsar da zan ba yaron nan, wanda ya zama magidanci. Rana tana da ajali kamar kowace halitta. Masana sun ƙiyasta saura mata shekara kamar biliyan 5 kafin ta kumbura ta bi wannan hanya.

Abin da aka zubar kuwa ba ya tafiya a banza. Manomin Mayahi ya san gero ya fi kyau a gindin gawo, bishiyar da take kakkaɓe ganyenta da damina ta bar wa ƙasa taki. Sirrin takin nan naitirojin ne, kuma kaso mai yawa na naitirojin da kabon da ke duniya taurari irin waɗannan ne suka dafa shi suka watsa, tun kafin a yi rana da ƙasa. Tauraro ya kakkaɓe ganyensa, gawo ya kakkaɓe nasa, gero ya yi zangarniya.

Kirana ga malaman makarantunmu ne. Muna da abin da manyan birane suka rasa, wato duhun dare. Bayan kaka, in sama ta washe, tauraron Vega yana haskawa ta arewa maso yamma bayan isha, kuma ba nisa da shi hazon nan na 27 na Messier yake, ƙaramin tabaron hangen nesa mai ido biyu yana nuna shi. Ko babu tabaro, tsohon faifan CD ya isa: a karkata shi ga hasken kyandir, sannan ga farin ƙwan lantarki mai tsimin wuta irin na murɗe, yara su ga bakan gizo cikakke a ɗaya, yankakke a ɗayan. Abin da Huggins ya gani ke nan a 1864. Ran 2 ga Agusta 2027 wata zai sake cin wani sashe na rana a samanmu, kuma kada a bar yaro ya dube ta ba tare da tabaron husufi ba. A ranar wani yaro zai riƙe rigar malaminsa ya tambaya ko rana ta mutu. Malam, ka shirya masa amsa tun yanzu.